Ina Ruwan Zai Bi?

'Yata, mahaifinki ya shaida mini kin kama aiki a ofishin tsara birni, har an ba ki tebur da kujera. Na yi murna ƙwarai. Allah Ya sa albarka, Ya sa ki gama lafiya, Ya raba ki da abin da zai sa ki sunkuyar da kai. Kin san Baffanki da igiyar awo ya tsufa, don haka ba zan bari ki shiga wannan aiki ban ce miki komai ba. Karatun takarda kin fi ni, na'urorinku na yanzu kuma sun fi ƙarfin idona. Abin da nake da shi tambaya ce, da ƙanwarta.

Duk fayil ɗin da aka ajiye a gabanki, na titi ne, na kasuwa ne, na rukunin gidaje ne, kafin kyan zane ya ɗauke miki hankali ki tambaya: in aka yi ruwan Agusta, ina ruwan zai bi? In an ba ki amsa, sai ki ƙara: bayan an yanke ƙyalle, makaɗa sun tashi, wa zai riƙa duba abin nan, kuma da kuɗin wa? Maganar birni mai ɗorewa da ake ta yi a manyan tarurruka, a wurina nan ta tattara.

Mutanen da suka gina Kano ba su da taswira a takarda, amma sun amsa tambayar farko. Ginin ƙasa suke yi, ƙasar kuwa a cikin unguwa ake haƙarta. Duk inda aka ɗebi ƙasar tubali sai rami ya zauna, ramin ya zama kududdufi. Ruwa ya sauko daga indararo ya bi lungu, lungu ya kai shi kududdufi, ya kwanta a can ƙasa na tsotse shi a hankali, rijiyoyin gidaje su samu rabonsu. In ya cika ya tumbatsa sai ya miƙa wa na gaba, har ruwan ya isa Jakara, ita kuma ta fitar da shi daga gari ta arewa maso gabas. Ita kanta badala, wadda tarihi ya ce an soma ta zamanin Sarki Gijimasu a ƙarni na 12, aka faɗaɗa ta zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, da gonaki da fili mai yawa ta kewaye, saboda ranar da abokan gaba za su tsare ƙofofi. Baturen nan Barth da ya zo a 1851 ya tarar babban ɓangare na cikin ganuwa ba a gina shi ba. Sun bar wa jikokin da ba a haifa ba wurin zama, sun bar wa ruwa nasa.

Kada ki ɗauka ina nufin da can aljanna ce. Kududdufi gidan sauro ne, yara sun sha nutsewa a cikinsa, kuma duk ƙazantar unguwa can take ƙarewa. Masu cewa a kawar da shi suna da hujja. Sai dai aiki yake yi, kuma wanda zai sallame shi ya kamata ya fara samo mai karɓar aikin. Ga yadda abin yake tafiya: a soma zuba shara a bakinsa, shekara biyu uku bola ta cinye gefe guda, sai wata rana tifa ta yi ta sauke jar ƙasa, a baje, washegari a ga turaku, an ce fuloti ne. Wanda ya saya ya gina bene, ya ɗaga dandamalin ƙofarsa har gwiwa. Ruwa ya zo a Agusta ya tarar an zauna masa a wuri, sai ya faɗa ɗakin tsohuwar da ke maƙwabtaka, wadda ginin ƙasarta ya haura shekara hamsin ruwa bai taɓa tsallake dokin ƙofarsa ba.

Ki riƙe wannan lissafi, a bayan kowace takarda kina iya yin sa. Milimita 1 ta ruwan sama a kan murabba'in mita 1, lita 1 ce. Fuloti mai ƙafa 100 da 50 ya kai murabba'in mita 465. In aka yi ruwa na milimita 50 a dare ɗaya, wanda ba baƙon abu ba ne a Agustan Kano, lita sama da 23,000 ta sauka a gida ɗaya ke nan, jarkar 'yan garuwa fiye da 900. A da tsakar gida ƙasa ce, tana shan abin da za ta iya. Yanzu an rufe sama da kwano, an shafe ƙasa da siminti da tayil, duk ruwan cikin 'yan mintoci yake fitowa titi. Ki ninka wannan da gida dubu. Ruwan Kano kuma ba a rarrabe yake zuwa ba, na shekara duka cikin wata huɗu zuwa biyar yake sauka, mafi yawansa a Yuli da Agusta. Akwai kuma abin da ya yaudari mutane da yawa: shekarun 1970 da 1980 shekarun fari ne, a cikinsu fadamu suka bushe, aka ɗauka ruwa ya yi ƙaura, aka gina gidaje a cikin kwari. Ruwan ya dawo, kuma masana yanayi na faɗa cewa ruwa mai ƙarfi na lokaci ɗaya ƙaruwa yake yi a yankinmu na Sahel. Kwalbatin da aka auna da daminar waccan shekara ba zai ɗauki ta bana ba.

Garin ma ba na waccan shekara ba ne. A ƙidayar 1952 mutanen birnin Kano ba su kai 150,000 ba. A ta 2006 ƙananan hukumomi takwas na birni da kewaye sun kai kimanin miliyan 2.8, kuma kin ga abin da aka ƙaru tun daga nan. A 1963 an yi wa Kano tsari na shekara 20, wanda ake kira da sunan Baturen da ya jagorance shi, Trevallion. Wa'adinsa ya ƙare a 1983, gari kuwa bai tsaya jiran kowa ba. Mafi yawan abin da ya ƙaru, awon igiya ne ya yanka shi.

Ya kamata ki je ki ga yadda ake yin sa. Mai gona a bakin gari ya ga gine-gine sun iso shi, ya kira dillali. Dillali ya zo da igiya da turaku da yaron da zai riƙe masa ɗaya bakin. Kafin azahar an yanka gona gida arba'in. Hanya kuwa an bar lungun da kura za ta wuce da ƙyar, domin kowace ƙafa da aka bar wa hanya kuɗi ne ya fita daga aljihun mai gona. Makaranta, asibiti, maƙabarta, wurin zuba shara, babu mai ambatonsu. Masallaci ne wani lokaci akan cire masa kusurwa. Mai unguwa ya sa hannu, shaidu su sa, a shafa fatiha a watse. Bayan shekara goma ga unguwa mai mutum dubbai. Mace na naƙuda sai an tallafo ta zuwa bakin titi, gobara ta tashi motar kwana-kwana na tsaye daga nesa tana kuka.

Kada ki raina waɗannan mutane, kada kuma ki ɗauke su masu laifi. Mai sayen awon igiya malamin firamare ne, ɗan adaidaita ne, bazawara ce da ta tara kuɗin adashi. Fulotin gwamnati ba ya isowa hannunsu, takardar mallaka kuma sai an yi wata da watanni ana sintiri. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha amana a hannun gwamna, amma a aikace dillali ya fi hukuma sauri. Maganinsa ki riga shi zuwa, kuma wannan ba ya jiran kuɗin kwalta. A je gonakin da gari zai cimma nan da shekara goma, a zauna da dagaci da masu gona, a fitar da manyan hanyoyi da hanyar ruwa da filin makaranta, a dasa itatuwa a jere a kan iyaka, a bar mutane su ci gaba da nomansu. Itace ya fi turke tsare iyaka, don turke a dare ɗaya ake tuge shi. Mai gona ba zai ƙi ba in aka nuna masa cewa fulotin bakin hanya mai faɗi ya fi na lungu tsada. Hanyar da aka keɓe tun tana gona kusan kyauta ce. Wadda za a fasa a tsakiyar unguwa sai an shafa jan fenti, an biya diyya, an rushe gidaje, an shiga kotu, an bar gaba har ga jikoki. Tun ran gini tun ran zane. Kuma ba sai kin yi duba ba kafin ki san inda garin ya dosa: ki bi layin dogon da ake ja zuwa Maraɗi, da tashar tsandauri ta Dala da aka buɗe a Zawaciki a 2023, da hanyoyin da suka zagaye bayan gari. Duk inda aka ja sabuwar hanya masu igiya na biye da ita.

Yanzu bari in zo inda ya fi damuna. A daminar 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari, ya jiƙa dilolin atamfa da shadda da yadi na miliyoyin naira, 'yan kasuwa da yawa suka ɗora laifin a kan shagunan da aka gina a hanyoyin ruwa. Shekara ba ta zagayo ba, a Yunin 2023, sabuwar gwamnati ta sa katafila ta rushe gine-ginen da aka yi a filin Idi da wasu filayen jama'a waɗanda gwamnatin da ta gabata ta bayar, magana ta kai kotu. Ba siyasa zan yi miki ba, kowa a gidanmu ya san ba na sa ta a takarda. Abin da nake so ki gani shi ne, tsakanin mai bayarwa da mai rushewa akwai wani ma'aikaci mai tebur irin naki wanda ya sa hannu. Simintin da aka zuba, da rodin da 'yan jari bola suka kwashe, da jarin wanda ya sayar da gonar gado ya kama shago, duk ta ƙarƙashin alƙalaminsa suka bi.

Ke ma za a zo miki, kuma ba da faɗa ake zuwa ba. Dattijo ne mai babbar riga zai zauna a gabanki, ya tambayi lafiyar mahaifinki da sunansa, ya ce ai tare da kakanki suka yi makarantar allo. Sai a ce, "ɗan gefen nan ne kawai, ba ya tare wa kowa komai," ko a ce, "daga sama aka ce a yi," ko a tura ambulan ƙarƙashin fayil a ce na goro ne. Kada ki ɗaga murya, kada ki wulaƙanta shi. Ki russuna ki gaishe shi, ki ce, "Ranka ya daɗe, bari in je in ga wurin." Ki je, ki auna, ki ɗauki hoto, ki dawo ki rubuta abin da kika gani a cikin fayil da kwanan wata: wurin nan hanyar ruwa ce, in aka gina shi ruwa zai koma gidaje kaza. In na sama ya ga damar tsallake rubutunki, sai ya sa nasa hannun. Da yawa in suka ga rubutu a fayil sukan ja da baya, don da baki ake so a gama irin wannan. Ambulan kuwa ki mayar wa mai shi kafin ya kai ƙofa. Mai yiwuwa a ɗauke ki daga teburin a tura ki ɗakin ajiyar tsofaffin fayiloli. Kada ki yi kuka. Tsofaffin taswirorin da ke nuna inda kowane rafi da kududdufi yake, can suke cikin ƙura, kuma kaɗan ne a ofis suka taɓa buɗe su.

Jakara ma darasi ce. Rafin da Kasuwar Kurmi ta zauna a bakinsa tun zamanin Rumfa ya koma babbar kwata. A gwamnatin 2011 zuwa 2015 aka soma rufe shi da kankare don a shimfiɗa titi a kai, aikin da ake kira Wuju-Wuju. Gwamnati ta sauya, aikin ya yi shekaru a tsaye. Niyyar ba ta da laifi, duk wanda ya taɓa shaƙar warin wurin a bazara ya sani. Amma rafin da aka rufe rafi ne har gobe. Leda da yashi na shiga, abin da ido ba ya gani kuma ba a tuna yashe shi. A Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, sun taɓa rufe rafin da ya ratsa tsakiyar garinsu, suka ɗora masa gadar sama. A 2003 suka soma fasa gadar da murfin, zuwa 2005 sun mayar da rafin fili, da kuɗi masu yawan gaske. Ban ce a fasa namu ba. Cewa na yi, in za ki rufe ruwa ki bar ƙofofin da mutum zai shiga da shebur, ki san nawa yashewar za ta ci a shekara, ki tabbatar an sa a kasafi. Ki kuma tuna ruwan Jakara ba ɓacewa yake yi in ya bar gari ba. Yana haɗuwa da na masana'antun Bompai, masu lambu na ban ruwa da shi, ya wuce madatsar Wasai, latas da kabejin kuma su dawo mana kasuwa.

Gadojin sama ba zan daɗe a kansu ba. Na Ƙofar Nassarawa da Dangi da Hotoro sun rage cunkoso a wurarensu, ba na musu. Amma ki tsaya ƙarƙashin ɗaya da safe ki ƙirga masu mota da masu tafiya a ƙasa. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Janairun 2013 adaidaita sahu ke ɗauke da garin nan, mafi yawan mutane kuma ba su da mota. Birnin Curitiba na Brazil tun 1974 ya keɓe wa manyan motocin haya layinsu a tsakiyar titi, Legas ta yi irin haka a 2008 daga Mile 12 zuwa CMS. In kina zana titi ki zana wa ɗan makaranta inda zai tsallaka, ki zana wa mai tura kura gefensa, ki bar wa itace wuri. Maɗatan da aka jera a titunan Nassarawa, waɗanda suka dasa su ba su sha inuwarsu ba, mu muka sha. Yanzu in za a faɗaɗa titi itace ake fara sarewa, a garin da zafi ke wuce digiri 40 a Afrilu. Hanyar ƙarƙashin ƙasa kuwa rami ce, ruwa kuma rami yake nema. Ranar da magudanarta ta toshe ko injin zuƙe ruwan ya tsaya, ta zama tafki.

Wannan ya kawo mu ƙanwar tambayar. Mai gidan ƙasa ba ya jiran bango ya faɗi. Kowace shekara kafin ruwan farko zai kira magini a yi yaɓe, a gyara indararo, a toshe tsagar soro. Da siminti ya zo sai aka ɗauka an samu ginin da ba ya son kulawa. Babu irin wannan gini. A Agustan 1988 madatsar Bagauda ta ɓalle. A ranar 10 ga Satumban 2024 ruwan madatsar Alau ya shiga Maiduguri, shekara 30 bayan ambaliyar 1994, ya mamaye fadar Shehu da babbar kasuwa da asibitin koyarwa da gidan yari da gidan namun daji, ɗaruruwan dubban mutane suka bar gidajensu. Madatsa takan yi gargaɗi kafin ta ci amana: tsaga, yoyo, zaizayar gefe, ƙofar da ta ƙi buɗuwa. Sai in akwai mai zagayawa ya gani, da mai karanta rahotonsa, da kuɗin gyara. Tiga ta 1974 ce, ta haura shekara hamsin. Ta Challawa ta 1992 ce. Ƙarƙashinsu akwai garuruwa har Haɗeja.

Dalilin da ya sa gyara ba ya samun kuɗi a fili yake: ba a yanka masa ƙyalle, ba a kafa masa allo da sunan mai girma. Ki duba rijiyar burtsatse mai sola, irin wadda ke kusan kowace unguwa. An ɗaga tanki a kan ƙarfe, an yi fenti, an yi taro an ɗauki hoto. Bayan 'yan watanni injin turo ruwa ya ƙone. Wanda ya haƙa ya tafi, wanda ya bayar wa'adinsa ya ƙare, babu wanda ya san wa ke riƙe da makulli. Kan famfo ya ɓace, kaskon sola ya bi dare, tanki ya zama inuwar awaki, mata su koma sayen jarka. Kafin a kawo injin haƙa ya kamata a ce an san mutum uku na unguwa da za su riƙe ta, an yarda da ɗan abin da za a karɓa a kan kowace jarka, an san makanikin da za a kira, an tabbatar kayan gyaranta na nan a kasuwar gari. Fitilun titi masu sola ma haka: batir shekaru kaɗan yake yi, ki tambayi wanda zai sayi na biyu.

Kano ta samu ruwan famfo tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, daga Challawa, da kuɗin baitulmalin En'e. Yau ga matatar Tamburawa ga ta Watari, amma unguwanni da yawa kura ce famfonsu. Matata ba ta isa in bututu ya ruɓe a ƙasa, babu wutar turo ruwa, ba a karɓar kuɗin ruwa balle a yi gyara da shi. Talaka mai sayen jarka ya fi mai famfo a gida biyan kowace lita da tsada. Mai hali kuwa ya haƙa burtsatse, maƙwabcinsa ya haƙa wadda ta fi ta zurfi, rijiyoyin da ke tsakaninsu su ƙafe. Ruwan da a da kududdufi ke mayar wa ƙasa, yanzu korar sa muke yi daga gari a damina, mu dawo da rani muna nemansa da injin.

Kin san labarin Zubaida matar Halifa Haruna Rashid, wadda ta ja ruwa daga kwarin Nu'uman zuwa Arfa da Makka kimanin shekara 1,200 da suka wuce. Malamai kan kawo ta in ana maganar sadaka mai gudana, kuma ta cancanta. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne magudanar ta yi ta toshewa da yashi da ambaliya, ana yashe ta, sarakuna bayan sarakuna na gyarawa, shi ya sa ta shayar da alhazai har cikin ƙarni na 20. Don haka in kika tarar da aikin da wani ya soma bai gama ba, kada ki ce na gwamnatin da ta wuce ne. Ƙarasa shi da kula da shi aikinki ne, ko da ba sunanki ke jikin allo ba.

In aka ba ki duba kwangila, ranar zuba kankare ki kasance a wurin tun da sassafe. Ki ƙirga rodi kafin a rufe shi, ki gwada kaurinsa da abin da takarda ta ce. Ki tsaya ki ga kwanon sarki nawa na yashi da tsakuwa ake juyawa da buhu ɗaya. Ki tabbatar ana shayar da kankaren ruwa aƙalla kwana bakwai, don zafinmu na busar da shi kafin ya yi ƙwari. In an gama lambatu ki sa a zuba bokitin ruwa a ciki ki ga inda ya nufa. Na sha ganin lambatu mai kyan gani da ruwa ke kwance a cikinsa har ya yi kore, saboda ƙarshensa ya fi farkonsa tudu, ko ya je ya ƙare a jikin katangar wani: an ba ɗan kwangila mita 500, ya yi mita 500, ya kwashe kayansa. Magudana daga inda za ta zubar ake soma ta a taho sama. Bututun ruwa da waya a binne su kafin kwalta, kada a shimfiɗa yau a fasa gobe. Kafin ki sa hannun an gama, ki karɓi zanen abin da aka gina a zahiri ki ajiye, don wanda zai zo gyara bayan shekara ashirin. Shi ma ɗan kwangilar da ya yi aikin kirki kada ki riƙe masa takarda, jinkirin biya na cikin abin da ke koya wa mutane rage siminti.

Kuma ki riƙa tambaya. Hoton da tauraron ɗan'adam ya ɗauka da rani ba zai nuna miki inda ruwa ke kwana ba. Tsohuwar da ta yi aure a unguwar tun tana daji za ta nuna miki da sandarta. Ɗan garuwa ya san kowane tudu da gangare na unguwa, da ƙirjinsa yake auna su. Bangon gidaje ma na magana, layin danshi na nan a jikinsa daidai inda ruwan bara ya tsaya. In matasa sun yi aikin gayya sun yashe kwata ranar tsabtar ƙarshen wata, ki nema musu motar kwashewa a ranar. In aka bar tarin a bakin kwata, ruwan farko zai mayar da shi inda ya fito, kuma ba za su sake fitowa ba.

Kafin damina ta faɗi ki sayi takalmin roba mai tsawo ki ajiye a ƙarƙashin teburinki. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi na farko kada ki zauna a ofis. Ki ɗauki abokin aiki ɗaya, ku zaɓi unguwa ɗaya a cikin waɗanda aka ba ki, ku bi ruwan da ƙafa daga bakin indararo har inda ya tsaya, ku rubuta kowane kwalbatin da ya toshe da kowane ginin da ya tare hanya, ki kai wa shugabanki a rubuce kafin sati ya fita. Ki aiko mini da kwafi, ina so in gani.

Ki gaishe mini da mahaifiyarki da ƙannenki. Wassalam.

Baffanki.